Indiana ta ci wasa 11 a bara: ginin dutse ne ko wutar kara?
(Tattaunawa ce da aka yi kafin kakar 2025; bara a nan 2024 ce, bana kuma 2025.)

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura 'yan makonni a buɗe kakar 2025 ta ƙwallon Amurka ta jami'o'i, ina so mu zauna kan maganar ƙungiyar Jami'ar Indiana tun kafin a busa usur, kada daga baya kowa ya ce dama shi ya faɗa.

Ga abin da ba a jayayya a kansa. Indiana ta shiga kakar 2024 a matsayin makarantar da ta fi kowace shan kashi a tarihin babban rukuni, sama da sau 700. A lokacin, rabonta da kofin rukuninta na Big Ten tun 1967, shi ma raba shi aka yi da wasu. A 2023 wasa 3 ta ci, aka cinye ta 9, aka sallami koci Tom Allen. Sai aka ɗauko Curt Cignetti daga James Madison, mutumin da ya haura shekara 60 bai taɓa riƙe babbar makaranta ba. Shekara guda tal: nasara 11, rashin nasara 2, da gurbi a zagayen sili-ɗaya-ƙwale na ƙungiyoyi 12. Nebraska ta sha 56 da 7, Purdue 66 da nema.

Tambayata ita ce, me a cikin wannan nasarar za a iya maimaitawa, me kuma ya tafi ba zai dawo ba? Ina roƙon a kawo hujja daga cikin fili.

Injiniya Sabi'u:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni dai ban gamsu ba, kuma hujjata tana cikin jadawalin wasannin da kansa. Big Ten ta koma ƙungiyoyi 18 a 2024, kowa wasa 9 kawai yake yi a cikin rukuni, to dole wani ya tsallake manya. Indiana ba ta haɗu da Oregon ba, ba ta haɗu da Penn State ba, haka Iowa da Illinois. Wasanninta uku na waje kuwa da FIU ne, da Western Illinois, da Charlotte. Michigan da Washington da suka buga wasan ƙarshe na ƙasa a kakar 2023, duka sun rasa kocinsu da yawancin 'yan wasansu kafin ta same su.

Sau biyu ta gamu da ƙungiya mai ƙashi, sau biyun ta faɗi. Ku koma ku kalli wasan Ohio State na 23 ga Nuwamba. Sun ci maki 7 a harin farko, daga nan hanya ta toshe. An kayar da mai jifansu Kurtis Rourke sau biyar, duk wasan ba su tara yadi 200 ba. Ihun mutum sama da dubu ɗari ya sa ba a jin muryar mai jifa, suka koma ba da ƙwallo da ishara, masu tsaron Ohio State suka gane lokacin ishararsu, suna tashi tare da ƙwallon. Mai bugun nesa na Indiana ya saki ƙwallo a bakin gidansu ana dab da hutun rabin lokaci, bayan an dawo Caleb Downs na Ohio State ya kamo wani bugun ya yi gudun yadi 79 har gida. 38 da 15 aka tashi.

Na Notre Dame ma, a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, kada 27 da 17 ya ruɗi kowa. 27 da 3 ake ciki har ƙarshen wasa ya gabato, sauran makin an same su ne bayan magana ta riga ta ƙare. A farkon wasan Jeremiyah Love na Notre Dame ya tsaga tsakiyarsu da gudun yadi 98, alhali tare masu gudu da ƙwallo shi ne abin da suka fi kowa iyawa a ƙasar a bara.

Hajiya Rabi:
Injiniya, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka tsallake ma'aunin da ya fi nuna ko nasara ta sa'a ce. Idan ana son a gane ƙungiyar da za ta ruguje baɗi, abu na farko da ake ƙirgawa shi ne wasannin da ta ci da tazarar maki 8 ko ƙasa da haka. Irin waɗannan ƙwallo ɗaya da ta suɓuce ko bugu ɗaya da ya kauce ke raba su, kuma ba wanda yake riƙe wannan rabon shekara biyu a jere.

Ɗauki TCU ta 2022, wadda ta kai wasan ƙarshe. SMU 42 da 34, Kansas 38 da 31, Oklahoma State 43 da 40 bayan ƙarin lokaci har sau biyu, Texas 17 da 10, Baylor 29 da 28 da bugun daƙiƙar ƙarshe, Michigan 51 da 45. Wasa shida ke nan da suka tsira da ƙyar. Georgia ta yi musu 65 da 7, shekara ta zagayo suka ci 5 aka cinye su 7.

Yanzu a ƙirga na Indiana. A cikin nasarori 11, guda ɗaya ce kawai ta kusa, wato Michigan 20 da 15. Sauran goma duka da tazarar maki 14 ko fiye. Ƙungiyar da ke lallasa matsakaita haka mako bayan mako, a gida da waje, ba sa'a take ci ba. Jadawali mai sauƙi yana ƙara maka wasa ɗaya ko biyu. Ba ya sa ka ci Michigan State 47 da 10 a gidanta bayan ta fara jan ka da 10 da nema.

Abin da wasannin nan biyu suka nuna shi ne Indiana ba ta kai Ohio State da Notre Dame ba, kuma su biyun ne suka buga wasan ƙarshe na ƙasa a watan Janairun 2025. Wannan maganar daban ce da cewa za ta koma cin wasa uku.

Ɗan Zariya:
Manya, a yi mini haƙuri in jefa tambaya. Wannan ba irin na Leicester ba ne? Sun ɗauki Firimiya a 2016, Chelsea ta ɗauke Kante, kakar da ta biyo baya suka ƙare na 12 duk da sun sayo Ahmed Musa da wasu. Me zai hana manyan makarantu su wawashe 'yan wasan Indiana haka?

Abban Sadik:
Tambayarka a kan hanya take ƙanena, domin yanzu ƙwallon jami'a ta koma kusa da haka. Kafin 2021 ɗan wasan da ya sauya makaranta sai ya zauna shekara guda ba ya bugawa. An ɗage wannan a 2021, a 2024 kuma aka buɗe gaba ɗaya, mutum zai iya sauyawa sau nawa ya ga dama. Tun 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗan wasa karɓar kuɗin talla da sunansa da hotonsa. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ba kowace makaranta damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, aka kuma ƙayyade 'yan ƙwallon Amurka 105 a kowace ƙungiya.

Inda Indiana ta bambanta da ƙananan da ake wawashewa shi ne tana cikin Big Ten. Yarjejeniyar talabijin ta rukunin da Fox da CBS da NBC ta haura dala biliyan 7 a shekara bakwai, kuma kason Indiana daidai yake da na Ohio State. Tana da ƙarfin cika wannan miliyan 20.5 ɗin ba tare da ta ci bashi ba. James Madison ba ta da wannan, shi ya sa da kocinta ya tashi 'yan wasa suka bi shi. Kuma mun riga mun ga gwajin farko: bayan kakar bara 'yan wasanta Mikail Kamara, Aiden Fisher, D'Angelo Ponds da Elijah Sarratt duka sun zauna, ba wanda ya tafi wata makaranta.

Sai dai akwai wurare biyu da kuɗin ke yoyo. Na farko, Indiana gidan ƙwallon kwando ce, kofin ƙasa biyar gare ta, masu ba da gudummawa ba za su yarda a bar kwando da yunwa ba. Duk abin da aka ware wa kwando daga cikin miliyan 20.5 ɗin, an rage wa ƙwallon Amurka ne. Na biyu, filinsu na Bloomington bai wuce mutum dubu hamsin da 'yan kai ba, rabin na Ohio State ko Michigan. Kuɗin tikiti da na attajiran da ke biyan tallan 'yan wasa a bayan wancan ƙayyadajjen adadi, a nan manya suke yi mata nisa.

Injiniya Sabi'u:
Alhaji, kuɗin sayen 'yan wasa ba shi ne damuwata ba, abin da ake samu a kasuwar ne. Florida State ta gina ƙungiya da masu sauya sheƙa, ta ci 13 a 2023. Ta sake komawa kasuwar, ta ɗauko mai jifa DJ Uiagalelei da wasu masu manyan sunaye, 2024 ta ci 2 aka cinye ta 10. Michigan State ta ci 11 a 2021 a kan ƙafar Kenneth Walker da ta samo daga Wake Forest, ta ba Mel Tucker kwantiragin dala miliyan 95, Walker ya tafi gasar ƙwararru ta NFL, ta koma 5 da 7.

Dalilin a bayyane yake. Mai kama jifa ko mai gudu da ƙwallo za ka saya a Disamba ya yi maka aiki a Satumba. Katangar gaba, mutum biyar ɗin nan da ke kare mai jifa, ba haka take ba. Aikinsu na haɗin baki ne: idan masu tsaro biyu suka yi musayar hanya, dole na gefe da na ciki su miƙa wa juna mutum cikin ƙiftawar ido ba tare da magana ba, wannan kuwa sai an yi ɗaruruwan maimaici tare. Ƙato mai kilo 140 da ke da saurin ƙafa kuma ba ya yawa a kasuwa, makarantarsa ba ta sakin sa. Ku duba abin da ya faru da Drew Evans, ɗan katangar Indiana, ya ji rauni a agara kafin wasan Michigan. Mutum ɗaya ya fita, a rabi na biyu na wasan harin Indiana ya tsaya cik, mako biyu bayan haka aka yi ta kayar da Rourke a Columbus, gidan Ohio State. Ohio State idan ta rasa ɗaya, wanda zai shigo ma tauraro huɗu ne da shi cikin biyar da ake auna yaran sakandare da su. A nan bambancin yake, a mutum na shida da na bakwai.

Malam Nura:
Injiniya ya taɓo wurin da ke ciwo, amma haɗa Indiana da Florida State bai yi daidai ba, saboda ba iri ɗaya suka yi sayayya ba. Florida State ta fi bin yaran da suka fito daga manyan makarantu da taurari a kansu amma ba su buga abin kirki ba. Cignetti akasin haka yake yi, kuma ya sha faɗa cewa abin da mutum ya riga ya yi a fili ya fi masa abin da ake hasashen zai yi. Yana neman wanda ya fara wasa shekara biyu ko uku, ko da a ƙaramin rukuni ne, a kalli faifan wasanninsa a ƙirga. Rourke daga Jami'ar Ohio ya zo (ba Ohio State ba), inda ya taɓa zama gwarzon rukuninsu. 'Yan wasa 13 ya taho da su daga James Madison, mutanen da suka riga suka san kiran wasa da tsarin atisaye, su suka koya wa sauran. Wannan ne ya sa ba a ga ruɗanin shekarar farko ba.

Na biyu, mutumin nan ba a Indiana ya fara ba. Ya yi shekara huɗu ƙarƙashin Nick Saban a Alabama daga 2007, shi ne mai kula da zaƙulo sababbin 'yan wasa. Ya riƙe IUP, wata ƙaramar jami'a a Pennsylvania, ya riƙe Elon, a James Madison ya ci 52 aka cinye shi 9, har da shekarun da suka hau babban rukuni. Bai taɓa gama kaka da rashin nasara ya fi nasara yawa ba. Wanda ya gyara wuri huɗu a jere, hanya ce da shi.

Na uku, kuma shi na fi ba nauyi, mataimakansa ba su watse ba. Mike Shanahan mai tsara hari da Bryant Haines mai tsara tsaro sun daɗe tare da shi tun ƙananan makarantu, duka suna nan. Bob Bostad mai horar da katangar gaba, wanda ya yi suna a Wisconsin, yana nan. Tino Sunseri mai horar da masu jifa ne ya koma UCLA. TCU da Hajiya ta kawo ba sa'a kaɗai ta rasa ba: mai tsara harinta Garrett Riley ya koma Clemson, mai jifa Max Duggan da Quentin Johnston suka tafi NFL a lokaci guda.

Malam Habibu:
Kada mu manta Indiana da kanta ta taɓa yin irin wannan tashin. A 2020 ta ci 6 cikin 8, aka yi ta murna. Tsaronta ya cafke jifa 17 a wasa takwas, adadin da ba a maimaitawa. Mai tsara tsaron, Kane Wommack, ya tafi South Alabama, mai jifa Michael Penix ya ci gaba da fama da rauni, 2021 suka ci 2 aka cinye su 10. Masoyan ƙungiyar da ke ɗari-ɗari suna da dalilinsu.

Hajiya Rabi:
Haka ne Malam, kuma wannan ya kawo mu kan mai jifa, inda nake ganin kakar bana za ta tsaya ko ta faɗi. Rourke ya jefa yadi sama da 3,000, jifa 29 suka zama maki, sau 5 kawai aka cafke masa, kuma daga baya aka gano da yagaggiyar jijiyar gwiwa ya buga kakar. Shekararsa ta shida ke nan a jami'a, albarkacin ƙarin shekarar da aka ba 'yan wasa saboda korona. Irin waɗannan dattawan 'yan wasa sun kusa ƙarewa a ko'ina, kuma Indiana ta amfana da su fiye da yawancin makarantu.

Tsarin harin nasu ya dogara ne da shawarar da ake yankewa bayan ƙwallo ta bar ƙasa. Mai jifa yana sa ƙwallo a cikin mai gudu, idonsa a kan mai tsaro guda na tsakiya. Idan ya matso don tare gudu, sai ya zare ƙwallon ya jefa ta bayansa. Idan ya tsaya, sai ya sakar wa mai gudu. Doka ta ba 'yan katanga damar wuce layi da yadi uku kawai kafin a yi jifa, don haka jinkirin rabin daƙiƙa laifi ne ko kuma a kayar da kai. Rourke ya ƙware a wannan, da kuma jifan bayan kafaɗa ga Sarratt a gefen layi.

Fernando Mendoza, sabon mai jifa da aka ɗauko daga Cal (Jami'ar California), ya fi shi ƙarfin hannu da ƙafa. Ya jefa yadi 3,000 da ɗoriya a bara, 16 suka zama maki, aka cafke 6. Amma an kayar da shi kusan sau 40. Wani ɓangare laifin katangar Cal ne, wani kuma nasa ne na riƙe ƙwallo yana neman babban jifa. Idan Shanahan ya raba shi da wannan ɗabi'ar, harin bana zai iya fin na bara, domin zai iya tserewa inda Rourke ke tsayawa a buge shi. Abin da ya taimaka shi ne ƙanensa Alberto yana ƙungiyar tun bara, kuma ya zo da wuri ya yi atisayen bazara da su.

Malam Nura:
A ƙara da cewa sun ji maganar Injiniya tun kafin ya faɗa. Sun ɗauko Pat Coogan, ɗan tsakiyar katangar Notre Dame ɗin da ta cinye su, mutumin da ya buga wasan ƙarshe na ƙasa. Ɗan tsakiya shi ke nuna wa sauran huɗun wanda kowa zai tare, to sun sayi gogewa a daidai gurbin da ta fi amfani. Carter Smith yana nan a gefen hagu. Inda ban ga an cike ba tukuna shi ne gurbin CJ West a tsakiyar layin tsaro, wanda San Francisco ta NFL ta ɗauka. Shi ne yake cinye mutum biyu don Fisher ya samu hanya.

Injiniya Sabi'u:
Na karɓi maganar Coogan da ta mataimaka. To amma sai mu yi wa kalmar ɗorewa iyaka. Idan ana nufin cin wasa 8 ko 9 kowace shekara, na yarda zai yiwu muddin Cignetti yana nan. Idan ana nufin ɗaukar kofin ƙasa, akwai ma'aunin da aka daɗe ana bi: waɗanda suka ɗauki kofi har zuwa kakar 2024, aƙalla rabin yaran da suka ɗauka daga sakandare a shekara huɗu masu tauraro huɗu ko biyar ne. Indiana ko kusa ba ta kai nan ba. Yaran James Madison kuma bana ce shekarar ƙarshe ga yawancinsu. Daga 2026 babu wata tsohuwar makarantarsa da zai sake ɗebowa, dole sai yaran da ya raina da hannunsa a Bloomington.

Abban Sadik:
Wannan "muddin yana nan" ɗin shi ne babban sharaɗi. Washington ta ci 14 a 2023, Alabama ta ɗauke Kalen DeBoer, 'yan wasa suka watse, 2024 ta ci 6 aka cinye ta 7. Hukumar Indiana ta gane haka, tun a Nuwamban 2024 ana tsakiyar kaka ta sabunta masa kwantiragi na shekara takwas a kan kusan dala miliyan 8 duk shekara, ta kuma ƙara kuɗin albashin mataimaka, wanda a ganina ya fi nasa albashin muhimmanci. A 2025 shekarunsa 64, wannan yana rage kwaɗayin tashi ya fara sabon gini a wani wuri, amma yana nufin dole a fara tunanin magaji daga cikin gida.

Wanda ya taɓa yin abin da ake nema a nan shi ne Bill Snyder a Kansas State. Ya karɓe ta a 1989 tana cikin mafi lalacewa a ƙasar, shekarar farko wasa ɗaya ya ci. Ya cika ƙungiya da yaran kwalejojin shekara biyu da manya suka raina, ya tsara wasannin waje masu sauƙi duk da surutun mutane, daga 1993 ya yi shekara 11 a jere yana zuwa wasan ƙarshen kaka, ya ɗauki kofin Big 12 a 2003. Kasuwar sauya sheƙa ta yau ita ce kwalejojin Snyder na wancan lokaci.

Hajiya Rabi:
Ba za mu daɗe muna jira ba. Wasanni ukun farko da Old Dominion da Kennesaw State da Indiana State ba za su gaya mana komai ba, kada kowa ya kawo mana sakamakonsu a matsayin hujja. Daga 20 ga Satumba ne aiki zai fara: Illinois wadda ta ci 10 a bara za ta zo Bloomington, mako na gaba su tafi Iowa, 11 ga Oktoba su je Oregon, 8 ga Nuwamba su je Penn State. Uku daga cikin huɗun a gidan mutane ne, a filaye masu ihu irin wanda ya rikita su a Columbus.

A waɗannan wasannin ni abu uku zan riƙa rubutawa: sau nawa aka kayar da Mendoza, yadi nawa abokan hamayya ke samu a kowane gudu ta tsakiya inda West ya bari, da kuma ko an sake yin kuskure a bugun nesa. Injiniya, idan an kayar da shi ƙasa da sau uku a Iowa da Oregon, ina ganin sai ka sake duba maganar mutum na shida da na bakwai.

Injiniya Sabi'u:
Na amince da wannan ma'aunin Hajiya, amma a haɗa da wasan Penn State, domin a Nuwamba ne rauni ke taruwa, a lokacin ne ake sanin wanda yake da 'yan canji.